Ranar da Baba Ya Zauna a Ƙarƙashin Taga

Ni ɗan fari ne a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu, can Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Wancan" yake ce mini. Idan yana son in kai jaki rafi, ko da ina tsaye a gabansa ne, sai ya juya ga ƙanensa, wato Baffa, ya ce, "Gaya ma wancan ya kai jaki rafi." Baffa kuwa, da yake shaƙiyi ne na ƙin ƙarawa, sai ya juyo ya maimaita mini da ƙarfi kamar ni kurma ne. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar ana yi. A hannun Baffa na girma. Shi ke dukana, shi ke saya mini takalmi, shi kuma ya kai ni makarantar boko a kan kekensa.

Akwai wani abu kuma da aka raine mu a kai: mutum ba ya yabon kansa, kuma ba ya nema wa kansa babban abu da bakinsa. Aure kake so? Manya za su je da goro. Aron gona kake so? Manya za su je. Kai naka shi ne ka sunkuyar da kai, in an yabe ka ka ce, "Wane ni." Ni da nake masifaffe a cikin sa'o'ina, wanda in aka taɓa ni sai unguwa ta ji, da na shiga gaban babba sai bakina ya mutu murus. Har yau in na tuna yadda nake zama salihi a gaban manya dariya nake yi.

Ina jami'a ina karatun aikin gona aka yi ta aikin dam ɗin Bakolori. Duk hutun da na dawo gida sai in tarar ƙasar ta sake kama. Katafiloli sun baje gonaki, an tuge itatuwan da muke gane iyaka da su, an ja kanal, wato hanyar ruwan noma, tun daga wajen Maradun har ta gifta ta bayan garinmu. An sha wuya a waɗannan shekaru, kuma ba zan tono wannan a nan ba. Abin da zan ce kawai shi ne, da aka sake raba gonaki, mutanenmu da suka saba da jigo da ruwan fadama sai ga su da ruwa mai zuwa da lokaci, ana buɗewa ana rufewa. Malaman gona da ake turowa suna iya ƙoƙarinsu, amma yawancinsu baƙi ne, su ba su gane mu ba, mu ba mu gane su ba. Na sha tsayawa ina kallon Baba a bakin gonarsa kamar baƙo. Tun a lokacin na ƙudurta a raina cewa in na gama, nan zan dawo in yi aikin malamin gona, ba wani wuri ba.

A shekarata ta ƙarshe an ce kowane ɗalibi ya yi aikin gwaji na kansa. Ni a gida na yi nawa da rani. Na roƙi Baffa ya roƙar mini Baba gefen gona, na ja fangalin albasa, wasu ina ba su ruwa a kai a kai yadda mutanenmu suka koma yi tun da ruwa ya wadata, wasu kuma ina barinsu su ɗan ji ƙishi kafin in ba su. Mutane na wucewa suna cewa ɗan boko ya zo horon albasa. Na ƙyale su, ko da yake wani lokaci sai na cije leɓe.

Ana cikin haka wata rana da hantsi gefen ƙaramar kanal ya ɓalle, daidai kan gonarmu. Ranar kasuwar Mafara ce, duk an tafi, ni kaɗai ne a wurin. Ruwa ya nufi dashen maƙwabta gadan-gadan. Na fizgo zanar rumfa na faɗa cikin ruwan, na tokare ta da bayana, ina yaɓa laka da hannu ina ihu, har Allah ya kawo wasu Fulani masu wucewa suka taimaka aka toshe. Na koma gida duk jikina laka, bayana ya sassale. Baba yana zaure ya dube ni sau ɗaya, ya ce wa Baffa, "A ba wancan fura." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni ma ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Da na gama bautar ƙasa sai na koma jami'a, domin akwai wani ɗan ofis a bayan ɗakin karatu da ke haɗa ɗalibai da masu neman ma'aikata. Kamfanoni da hukumomi kan aiko da sanarwa can, wasu ma su zo da kansu su gana da mutane. Mai riƙe da ofishin wata mata ce da muke kira Hajiya, gajera mai tabarau, ta haife ni nesa ba kusa ba. Ba ta ɗaga murya, amma in ta leƙo ka ta saman tabarau sai ka gyara zama. Ta buɗe mini fayil, ta duba sakamakona, ta ce, "Kai, Bazamfare, ashe kana da kai. To ga wani kamfanin iri zai zo gobe, shiga ka gwada bakinka."

Na shiga kuwa. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa, na gai da mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi hanya. Da ƙyar suka sa na hau kujera, na ɗosana a gefe ina kallon ƙasa. Suka ce in faɗa musu abin da na iya. Na ce, to, an dai ɗan taɓa karatu. Suka ce aikin gwajin nan da ke cikin fayil fa, wa ya yi? Na ce an dai yi, da taimakon Allah da na manya. Suka dubi juna, suka yi mini godiya. Na fito ina jin na nuna tarbiyya.

Washegari Hajiya ta wanke ni tas.

"Sun ce ba su san ko kai ka yi aikin ba ko wani ya yi maka. An yi, an yi! Wa ya yi? Aljanu?"

Zuciya ta ɗebe ni, na manta a gaban wa nake. Na ce, "Haba Hajiya! So kike in zauna gaban manya ina ni na yi, ni na yi, sai ka ce maroƙin kaina? Mu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. In haka ake samun aiki, a riƙe aikin."

Maimakon ta yi fushi sai ta cire tabarau ta yi dariya. Ta ce, "Af, ashe da baki. To wannan bakin nake nema." Ta sa na zauna, ta ce in saurara. "Yarona, in alƙali ya kira ka shaida, ya ce me ka gani, za ka ce kunya ta hana ka faɗi?" Na ce a'a, ai ɓoye shaida laifi ne. Ta ce, "To ba wanda ya ce ka yabi kanka. Shaida za ka bayar a kan aikin da aka yi a gabanka. Sai dai an yi rashin sa'a mai aikin kai ne. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Daga ranar ta sa ni gaba. In ta sallami mutane sai ta zauna a matsayin mai tambaya, ni kuma in fita in ƙwanƙwasa in shigo. In na kai hannu ga takalmi ta ce koma. In na ce "an yi" ta buga tebur da biro. In na kalli ƙasa ta ce ko na yar da wani abu ne a wurin. Gaisuwa kam ta ce kada in bari, amma in taƙaita, ba sai na tambayi lafiyar awaki ba. Wallahi akwai ranar da na fita daga ofishin nan na rantse ba zan dawo ba, amma gari na wayewa sai ga ni. A hankali ta tatso labarin albasar nan daga bakina, yadda waɗanda na bari suka ji ƙishi suka fi ƙwari, suka kuma daɗe a rumfa ba su ruɓe ba. Labarin ɓallewar kanal kuwa ko ita ban gaya wa ba, don ni a ganina ba aiki ba ne, tsautsayi ne.

Rannan na shigo ta miƙo mini sanarwa. Ana neman malaman gona a aikin noman rani na Bakolori, guraben kaɗan ne, kuma a Talata Mafara za a yi intabiyu. Ta ce ta riga ta tura fayil ɗina tare da na wasu. Ta ce, "Masu nema suna da yawa, daga ko'ina. In ka je ka yi musu an yi, an yi, to ka shirya zuwa koyarwa wata uwa duniya, don can ne kawai ake da gurbi yanzu. Ka ji ni?" Na ce na ji.

Na iso gida ana jibi za a yi. Na gaya wa Baffa, don ta bakinsa labari ke isa ga Baba. Ban yi tunanin komai ba. Ranar da safe na fito cikin wando da taguwa masu guga, sai na tarar da su biyu a ƙofar gida, kowa ya sha babbar riga ta zuwa Idi. Baffa na rungume da ƙwaryar goro an lulluɓe da ganye, ga tabarma a naɗe a hamatarsa.

Na ce, "Baffa, ina zuwa haka?"

Ya ce, "Mafara mana. Neman aiki."

"Wa zai nema?"

"Mu. Kai dai wa kake da za ka tunkari manyan mutane da bakinka, awa wanda bai da kowa? Aure ma da ke cikin gari ba a yi hakan ba, balle aikin gwamnati. Ni ka magana, yayana ya zauna a ga idonshi."

Kai, ranar na ga ta kaina. Na ja Baffa gefe, tun ina lallashi har na fara tada jijiyar wuya. Na ce ba a yin haka, in suka shiga da goro za a ce cin hanci muka kawo, a kore ni. Ya ce goron neman albarka ne cin hanci? Ashe boko hauka yake sa mutane. Baba yana tsaye can yana kallon gabas kamar ba da shi ake ba. Da ƙyar muka daidaita a kan cewa za su je, tun da sun riga sun sa riguna kuma gari ya gani, amma ba za su shiga ba, a waje za su zauna su yi addu'a. Muka hau akori-kura, ni a can baya ina ta huci.

Ofishin dogon gini ne mai tagogin gilashi, da bishiyar dogon yaro guda a tsakar fili. Masu neman aiki sun cika gindinta, wasu har da kwat, kowa na rungume da fayil. Dattawana suka shimfiɗa tabarma a can nesa kusa da ƙofar shiga, na ce alhamdu lillahi. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne rana. Kafin a zo kaina ta take, inuwar bakin ƙofa ta gudu, ni kuma ina layi a baranda ban ga lokacin da suka naɗe tabarma suka bi inuwar bango ba.

Aka kira ni. Na ƙwanƙwasa, na shiga da takalmina, na yi gaisuwa gajera yadda aka koya mini, na zauna sosai a kujera. Mutum uku ne a bayan tebur. Na tsakiya, shugabansu, dattijo ne mai furfura, daga gaisuwarsa na gane mutumin wajenmu ne. Fanka ba ta aiki, saboda haka an buɗe tagogi duka. Aka fara da Turanci, tambayoyin ƙasa da taki da cututtukan shinkafa, ina amsawa ina kallon idonsu. Har na fara jin daɗin kaina.

Sai na ji tari.

Tarin Baba ko cikin kasuwa na ji shi zan gane, gajere ne, sau biyu, da ɗan gyaran murya a ƙarshe. Daga ƙarƙashin tagar da ke bayana ya fito, kusa har ina jin ƙarar carbinsa. Na ce wa kaina, kwantar da hankalinka, Turanci ake yi, ba abin da zai gane. Na ci gaba.

Ban rufe baki ba shugaban ya ajiye biro ya koma Hausa. Ya ce, "To, samari, Turanci ya isa haka. Malamin gona da manoma zai yi aiki, ba da mu ba. Ga aikin albasa nan na gani a fayil ɗinka. Ba mu labarinsa da Hausa, yadda za ka gaya wa manomi. Wa ya yi, me aka yi, me aka samu?"

Carbin da ke bayan taga ya tsaya.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai tashi a wajenmu ba abin da na ji. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda ko "na ƙoshi" ban taɓa faɗa a gabansa ba, yau in buɗe baki yana ji in ce ni na yi kaza, ni na gano kaza, kuma a kan gonarsa, a kan noman da ya yi tun ba a haife ni ba. In na faɗa, na zama marar kunya a idonsa, kuma a gaban ƙanensa. In na yi shiru, aikin ya tafi, sai wani baƙo ya zo ya tsaya a bakin gonar tasa. Na ji bakina da kansa ya fara, "To, ranka ya daɗe, an dai..."

Wallahi sai na ji kamar an buga biro a tebur. Na tsaya. Na ɗago kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi shi. A gonar mahaifina na yi, da rani, da hannuna."

Daga nan ban san inda maganar ta riƙa fitowa ba. Na ce ni na ja fangalin, ni na yi dashe, ni na raba su gida biyu. Na ce na lura tun da ruwan kanal ya zo mutanenmu ke shayar da albasa fiye da kima, don da can da jigo ake wahalar ɗebowa, yanzu kuwa ga shi a banza, ido ba ya iya ganin ruwa na wucewa a ƙyale shi. Na ce na gwada, na gani da idona, wadda aka bari ta ji ƙishi ta fi ƙwari kuma ta fi jure ajiya. Na ce in aka ba ni aikin nan na san yadda zan faɗa wa manomi wannan ba tare da ya ji an raina shi ba, don na san gaisuwarsu, na san abin da ke ba su haushi, ni ɗansu ne. Har na ce, kuma ina jin kunnuwana na zafi, "Zan iya aikin nan, kuma zan yi shi da kyau."

Ɗaya daga cikin ukun, wanda ba ya jin Hausa sosai, ya karkata yana tambayar na kusa da shi. Shugaban ya yi ɗan rubutu, ya jefo mini wasu tambayoyi kan rabon ruwa in manoma sun yi gardama, na amsa. Ya ce za a aika da sakamako ofishin jami'armu. Na yi godiya na fito.

Na zagaya bayan ginin. Suna nan zaune daidai ƙarƙashin tagar. Baffa ya dube ni ya riƙe haɓa, ya ce, "Tabɗi! Ashe haka kake da baki?" Baba bai ɗago ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya nufi ƙofa. Goron nan kuwa, da Baffa ya ga ba inda za a kai shi, sai ya bi masu gadi da masu neman aiki yana raba musu, har da masu kwat, yana cewa a sa mu a addu'a. Wato har abokan takarata sai da suka ci goron neman aikina.

A mota ba wanda ya ce uffan. A gida ma haka. Da can ko ba komai nakan ji "gaya ma wancan" sau da yawa a yini, yanzu ko wannan babu. In na shigo zaure na gaishe shi, ya amsa a taƙaice yana kallon igiyar da yake tufka. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma ya ba ni haushi. Ina cewa a raina, to me na yi? Ƙarya na yi? Sata na yi? Can kuma sai in ji kunya ta rufe ni, in tuna muryata tana cewa ni na yi, ni na yi, a kan kansa. Na tambayi Baffa ko Baba ya ce wani abu, ya ce shi dai bai ji ba, kuma in daina damunsa.

Da lokaci ya yi na koma jami'a. Ina shiga ofis Hajiya ta leƙo ni ta saman tabarau, fuska a ɗaure, ta ce, "Wa ya je Mafara?"

Na ce, "Ni na je."

"Wa ya yi magana?"

"Ni na yi."

"To wa ya samu aiki?"

Na tsaya ina kallonta. Sai ta saki dariya ta miƙo mini takardar. An ɗauke ni, kuma a ɓangaren Bakura aka ajiye ni. Na durƙusa har ƙasa na yi mata godiya, wannan karon ba ta ce in tashi ba sai da na gama. Na ba ta labarin taga, ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta ce, "Allah ya sa dattijon ya fahimce ka." Na ce amin, don abin da ke raina ke nan tun daga Mafara. Wannan mata ta yi mini abin da ba zan manta ba, Allah ya saka mata da alheri.

Na iso gida da la'asar. Baba na zaure yana gyaran irin albasa a faifai, Baffa na gefe yana jin rediyo. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa cikakkiya tamu ta gida. Sannan na juya ga Baffa na ce, "Baffa, a gaya wa Baba an samu aikin."

Baffa ya yi wuf ya kashe rediyo, ya yi kabbara, ya juya ga yayansa ya ce da ƙarfi, "Yaya, an ce a gaya maka wancan ya samu aiki!"

Baba ya ci gaba da tsince irinsa. Har na fara jin zuciyata na tafasa. Sai ya yi tarin nan nasa, ya ce wa Baffa, "Gaya ma wancan, ranar nan na ji shi yana ta zuba a gaban manya."

Na sunkuyar da kai ina jiran sauran.

"Gaya mishi duk abin da ya faɗi haka an ka yi, ina wurin. Amma shaidar tashi ba ta cika ba." Ya ajiye faifan. "Bai gaya musu ranar da kanal ta ɓalle ba, shi ɗai ya shiga ya tare ruwa da bayanshi, dashen mutane ya tsira. Ina zaune ina jira ya faɗi, bai faɗi ba. Saura kaɗan in leƙa ta tagar in faɗa musu da kaina."

Baffa ya buɗe baki zai maimaita mini kamar yadda ya saba, sai ya kasa, ya kau da kai yana goge ido da hannun riga. Ni kuwa ina durƙushe, ƙato da ni, mai digiri, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Ashe shirun da ya yi ta yi ba fushin na yi magana ba ne, haushin na rage shaida ne.

Na yi shekaru masu yawa ina aikin malamin gona a ƙasarmu, kuma ba zan ce an dai taɓa ba, na yi shi da kyau. Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Amma ranar da na fara fita aiki, da na zo bakin kanal inda manoma suka taru ana jiran rabon ruwa, yana cikinsu da fartanyarsa a kafaɗa. Baffa ba ya nan. Ya dubi dama, ya dubi hagu, bai ga wanda zai aika ba. Sai ya dube ni, ido cikin ido, a gaban kowa, ya ce, "Malam, yaushe za a ba albasa ruwa?"

Na ce, "Baba, a bar ta sai jibi."

Ya ce to, ya juya ya gaya wa sauran.